Shadda ɗaya, ni ina ganin ruwan toka ita tana ganin ruwan omo, wai ido na yi wa mutum ƙarya ne?

Tela_Agege:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Dan Allah ina da tambaya, abin ya tsaya min a rai tun ranar Laraba na kasa sukuni. Ni tela ne, shagona na nan Agege a Legas, na daɗe a kan keke, ba yau na fara haɗa kala ba. Wata Hajiya da muka jima muna hulɗa ta kawo min aikin anko na bikin ɗanta, kaftani 12 na abokan ango, ta ce in shiga kasuwar Balogun da kaina in zaɓo shadda in turo mata hoto ta WhatsApp. Na zaɓo ruwan toka mai haske, na ɗauki hoton a cikin shagon mai yadin, ta ce ya yi, na biya na taho. Na yanka, na ɗinka, zaren aikin wuya ma ni na haɗa shi da yadin da idona da daddare a ƙarƙashin ƙwan shago, wallahi sak suka hau kamar a tukunya ɗaya aka rina su.

Ranar da ta zo karɓa da hantsi ne, aka fito da kayan bakin ƙofa, tana ɗagawa ta ce ai wannan ba shi ba ne, ita ruwan omo ta gani a hoto. Kuma ga zaren nan da na rantse ya hau, a rana sai ya fita daban, ya ɗan yi ja-ja a kan yadin. Muka buɗe hoton a wayarta, ni da ita da yarona muna kallon abu ɗaya, ni toka nake gani ƙiri-ƙiri ita tana cewa shuɗi-shuɗi ne, yaron ma ya ce oga ni dai shuɗi nake gani. Ba ta yi faɗa ba, cewa kawai ta yi "Malam ban san ka da haka ba", kuma wannan kalmar ta fi min zagi ciwo, don nufinta na canja mata kaya.

Wani abu kuma da ya ƙara ɗaga min hankali, kwanaki muna kan gadar Third Mainland dab da magariba na ga wata ya fito ta kan ruwa jawur, ƙato kamar faifai, da na iso gida bayan isha na ɗaga kai sai na ga ya koma ɗan mitsitsi. Shin idona ne ya fara lalacewa, ko kowa ma haka ido ke masa? Masu sani ku taimaka min, aikina gaba ɗaya da ido nake yinsa.

Direban_Apapa:

Wa alaikumus salam Malam Tela, Allah ya huci zuciyarka. Ni ba boko na yi ba amma maganar ido ya yi ƙarya mu direbobi kullum da ita muke kwana. Ka ɗauko kaya daga Apapa ka hau titin Ibadan da rana tsaka, can gabanka za ka hango ruwa kwance male-male a kan kwalta har inuwar motar gaba kana gani a ciki, kana matsowa yana matsawa, ba ka taɓa taka shi. Kawalwalniya kenan, wannan kowa ya sani.

Wanda ya fi shi haɗari mutane ba su san da shi ba. In ka yi awa biyu kana tafiya a 90 ko 100, ka shigo gari ka sauko 50, wallahi ji za ka yi kamar rarrafe kake, har ƙafarka na ƙaiƙayin ƙara wuta, sai ka duba maleji ka ga ashe har yanzu gudu kake. Maigidana da ya koya min mota cewa yake in ka sauko daga babban titi kar ka yarda da jikinka, allura za ka kalla. Sannan babbar mota in tana tahowa daga nesa ido na ganin kamar a hankali take tafiya saboda girmanta, shi ya sa za ka ga ɗan acaɓa ko mai tallan biredi ya faɗo gaban tirela yana ganin zai tsallake, ni kuma a sama ina ganin abin da ba ya gani, ga kaya tan 30 a bayana birki ba ya kamawa nan take. Jirgin ƙasa ya fi ma, ku da ke Agege kuna kusa da layin dogo, dan Allah ku riƙa ja wa yara kunne, jirgin da suke gani kamar yana jan ciki ya fi ƙarfin lissafin idonsu.

Ko a gosulo, kana tsaye cak ƙafarka a kan birki, danfon gefenka ta ɗan gusa gaba, sai gabanka ya faɗi ka ji kamar kai ne ke zamewa baya ka ƙara danne birki. To ka ga ba kai kaɗai ba ne. Kalar yadi dai sai masu ilimi su zo.

Ummu_IdiAraba:

Baba Tela sannu da haƙuri. Ni ɗaliba ce a ɓangaren lafiya, kuma wannan darasin yana cikin waɗanda suka fi burge ni, bari in faɗi iya abin da na fahimta.

Mu mun ɗauka ido kamar kyamara ne, ya ɗauki hoto ya miƙa mana yadda yake. Ba haka abin yake ba. A can bayan ƙwayar ido akwai wani siririn tantani da haske ke faɗawa a kai, yana ɗauke da ƙananan ƙwayoyi masu karɓar haske sama da miliyan 100, amma jijiyar da ke kai saƙo ƙwaƙwalwa silinta wajen miliyan 1 ne kawai. Kenan tun daga cikin ido an riga an tace, an taƙaita. Kuma hoton da ke faɗawa a tantanin nan a kife yake, shafaffe, ba nisa ba kusa. Ƙwaƙwalwa ce ke karɓar wannan guntun labari ta cike sauran da abin da ta saba gani tun muna jarirai, cikin ƙiftawar ido, ba tare da ta yi shawara da mu ba. Wani masani ɗan Jamus, Helmholtz, ya yi bayanin haka tun 1867, cewa gani kintace ne da mutum ke yi bai san yana yi ba. Yawanci kintacen daidai yake fitowa shi ya sa ba ma lura, sai ranar da aka samu yanayin da ya saɓa wa sabo sannan mu kama ta.

In kana son ka gani da kanka, ɗauki farar takarda ka yi alamar kuros a hagu, ɗigo baƙi a dama, tsakaninsu kamar santimita 10. Rufe idon hagu, ka ƙura wa kuros ɗin idon dama, ka riƙa matso da takardar a hankali daga tsawon hannu. Akwai inda ɗigon zai ɓace ɓat. Wurin da jijiyar gani ta fita daga ido ne, babu ƙwayoyin karɓar haske a nan ko ɗaya, wani Bafaranshe mai suna Mariotte ya gano shi a shekarun 1660. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ba rami baƙi za ka gani ba, farar takarda za ka gani sumul, ƙwaƙwalwa ta yi faci da kalar gefen. Kowane ɗan Adam da wannan facin yake yawo.

Yanzu batun shaddarka. Hasken da ke tasowa daga yadi ya shigo ido haɗin gambiza ne, kalar yadin da kalar fitilar da ta haska shi. Aikin ƙwaƙwalwa shi ne ta yi hasashen wane irin haske ne a wurin ta cire shi, shi ya sa farar rigarka fara ce a idonka ko a rana ko a inuwa ko a gaban aci-balbal. To kai ka shiga shagon nan na Balogun, ka san irin fararen fitilun nan masu ɗan shuɗi-shuɗi da suke kunnawa, kuma ka riƙe yadin a hannunka, don haka in ka kalli hoton ƙwaƙwalwarka na zare shuɗin ta ce na fitila ne, toka ya rage. Hajiya ba ta je wurin ba, hoto kawai ta gani, tata ƙwaƙwalwar sai ta ɗora shuɗin a kan yadin. Ba wanda ya yi ƙarya a cikinku.

Ka tuna rigar nan da ta tayar da ƙura a intanet a watan Fabrairun 2015? Hoton wata riga da aka saya don biki a Sikotland, duniya ta rabu biyu, wasu na rantsuwa fari da ruwan gwal ce wasu na cewa shuɗi da baƙi. Ainihin rigar shuɗi da baƙi ce. Waɗanda ƙwaƙwalwarsu ta ɗauka a inuwa aka ɗauki hoton sun cire shuɗin sun ga fari, waɗanda tasu ta ɗauka hasken ƙwai mai rawaya ne ya dake ta sun ga shuɗi. Ni har yau fari da gwal nake gani duk da na san gaskiyar, kuma nan ne wurin da ya kamata a lura, sanin gaskiya ba ya goge abin daga ido. Ɓangaren da ke haɗa hoton yana gama aikinsa kafin tunaninka ya iso.

Watan kuma, girmansa a sama bai canja ba daga magariba zuwa isha. Ranar 14 ga wata ka riƙe ƙwayar masara tsakanin yatsu ka miƙe hannu, za ta rufe shi lokacin da yake fitowa, za ta rufe shi in ya hau tsakiya. Jan da ka gani dai gaskiya ne, don in yana ƙasa haskensa na ratso iska mai kauri da ƙura da hayaƙi kafin ya iso.

Shomolu_Mai_Buga_Kati:

Ƙanwata ta yi bayani Allah ya ƙara basira, amma akwai guda ɗaya da ta tsallake, maganar zaren, kuma shi daban yake da na hoton. Ni aikin ɗab'i nake a Shomolu, katin biki, kalanda, fosta, rigimar kala ita ce abincinmu.

Malam, abu biyu na iya zama kala ɗaya a ƙarƙashin fitila kaza su rabu a ƙarƙashin wata. Dalili, ido iri uku kacal na ƙwayoyin gane kala gare shi, to rini biyu da aka haɗa da sinadarai daban suna iya taɓa ƙwayoyin nan uku daidai wa daida a hasken ƙwan shagonka, ka ce sak. Hasken rana kuwa cikakke ne, yana da jan da ƙwai mai arha ba shi da shi sosai, to in rinin zaren na maido ja fiye da na shaddar, a shago ba jan da zai maido, a rana asirinsa ya tonu. Toka kuwa ita ce uwar wannan matsala, don yawanci da kaloli da dama ake haɗa ta, kaɗan ta karkata sai ta yi kore-kore ko ja-ja. Manyan gidajen ɗab'i har akwati na musamman suke ajiyewa mai fitilar da aka auna ta yi daidai da hasken rana, a ciki ake duba aiki kafin a sa hannu. Mu ƙanana bakin ƙofa muke fita. Ni doka ce a wurina, ba na yarda da kala da daddare, ba na yarda da kala a waya. Wayarka da tawa ma ba iri ɗaya suke nuna hoto ba, ga kyamarar ita ma tana nata gyare-gyaren kafin ta ba ka.

Sannan ka kula da abin da ke gefen kala. Yanko ƙyalle biyu daga ragowar shaddar nan, ɗora ɗaya kan yadi ruwan goro ɗaya kan shuɗi mai duhu, ka ja baya ka kalla. Na kan ruwan goro zai yi maka shuɗi-shuɗi, na kan shuɗin zai yi haske ya ɗan karkata ruwan ƙasa, alhali almakashi ɗaya ya yanke su. Wannan ma a masaƙa aka fara bin diddiginsa. A Faris akwai wata tsohuwar masaƙa, Gobelins, an naɗa wani masanin sinadarai Chevreul shugaban sashen rini a 1824, ana ta kawo masa ƙorafi cewa baƙin zarensu ba ya baƙi sosai. Ya auna ya ga rinin lafiya lau yake, kalolin da ake saƙawa a gefensa ne ke canja yadda ido ke ganinsa, har ya rubuta littafi a kai a 1839. Ka ga kusan shekara 200 kenan ana zargin marina da laifin da ba nasu ba.

Shawarata, daga yau in kwastoma ba zai zo ba, yanko ɗan ƙyalle ka aika masa da ɗan acaɓa, kuɗin aiken bai kai zubewar mutunci ba.

Malam_Alaba_Rago:

Bismillah. Na ji daɗin wannan tattaunawa ƙwarai. Ina so in ƙara cewa magabatanmu ba su bar wannan fage ba. Alhasan Ibnul Haisam, haifaffen Basra a wajen shekarar 965 miladiyya, wanda ya rayu a Alƙahira har ya rasu wajen 1040, ya rubuta Kitabul Manazir juzu'i 7, kuma juzu'i na 3 sukutum a kan kurakuran gani ya yi shi. A zamanin da masana da yawa ke cewa haske ne ke fita daga ido ya je ya taɓa abu, shi ya tabbatar da hujja cewa daga abin hasken ke tasowa ya shigo ido. Ya kuma ce gane nisa da girma da siffa hukunci ne da rai ke yankewa da sauri saboda sabo, kusan abin da 'yarmu ta ambata daga Bajamushen nan, da tazarar shekaru sama da 800. Har batun watan ya taɓa, ya ce in yana ƙasa akwai fili da gidaje tsakaninka da shi, sai rai ya hukunta cewa yana da nisa sosai, abin da ke nesa kuma ya cika ido haka lalle babba ne.

Kawalwalniyar da direba ya faɗa, Alƙur'ani ya buga misali da ita a Suratun Nur aya ta 39, mai ƙishirwa yana zaton ruwa ne har ya iso ya tarar ba komai. Sai dai ita rabi da rabi ce. Kwalta in ta yi zafi tana ɗumama iskar da ke kanta, hasken da ke gangarowa daga sama sai ya lanƙwasa ya taso ya shiga idonka, don haka sararin sama kake gani a kwance a kan titi, ko kyamara ma tana ɗaukarsa. Kuskuren mutum a fassara yake, tunda duk rayuwarsa in ya ga sama a ƙasa tana ƙyalli to ruwa ne.

Abin da ya dame ni shi ne yadda muke saurin ƙaryata juna. Muna cewa gani ya kori ji, to ga shi mutum biyu masu gaskiya sun kalli abu ɗaya sun saɓa. Haɗari zai faru a Mile 12 mutum biyar na tsaye, ka tambaye su kalar motar ka ji amsa uku, kuma ba wanda ya yi niyyar ƙarya. Ko a duban jinjirin wata, mutumin kirki mai tsananin son ya gani yana iya ganin siririn gajimare zuciyarsa ta cike masa sauran, shi ya sa ake yi wa mai shaida tambayoyi, ta ina ya fito, ina ƙahonninsa suka fuskanta, ƙarfe nawa. Malam Tela ka je ka samu Hajiya da kanka, kar ka yi ta waya, kuma kar ka je da niyyar nuna mata ta yi kuskure, don abin da ta ce ta gani shi ta gani.

Dan_Obalende:

Ni fa duk na ji, amma masu rufa-ido da ke wasa a kasuwa fa, mutum ya sa kwabo a hannu ya buɗe babu, shi ma ƙwaƙwalwa ce? Kuma kakata kafin ta rasu tana yawan cewa tana ganin wasu abubuwa kamar ƙudaje na yawo a gabanta mu ba ma gani.

Ummu_IdiAraba:

Yaya, irin wasan kwabon nan da sauri da karkatar da hankali ake yinsa. Wurin da ido ke gani tar-tar ɗan ƙarami ne, bai fi faɗin farcen babban yatsanka ba in ka miƙe hannu, sauran duk dishi-dishi ne ƙwaƙwalwa ke gyarawa. Mai wasan zai ja idonka zuwa hannun da ya ɗaga, ya yi motsin saka kwabo yadda ka saba gani sau dubu, kai kuma ka ƙarasa masa da kanka alhali kwabon bai bar ɗaya hannun ba.

Na Kaka Allah ya jiƙanta, wannan wani abu ne daban kuma gara da ka kawo shi. Ɗigo-ɗigon da ke yawo a gani daga ruwan cikin ido suke, suna ƙaruwa da shekaru, yawanci ba komai. Amma in suka ƙaru farat ɗaya, ko mutum na ganin walƙiya, ko kamar an ja labule ta gefe guda, a tafi asibitin ido a ranar, kar a kwana. Haka hawan jinin ido, gefen gani yake fara ci a hankali ba ciwo, kuma saboda facin nan da ƙwaƙwalwa ke yi mutum ba ya lura sai ɓarna ta yi nisa, ga shi ya fi kama mu baƙar fata. Baba Tela abin da ka faɗa bai yi kama da cuta ba, amma in ka haura 40 ka je a auna maka, musamman in akwai wanda ya makance a danginku.

Tela_Agege:

Jama'a na gode, Allah ya saka da alheri ya bar zumunci. Na gwada na takardar nan jiya bayan isha, ɗigon ya ɓace wallahi sai da tsigar jikina ta tashi, na kira yarona da mai shayin gefenmu su ma suka gwada. Na ƙyallen ma na yi, na kan ruwan goron shuɗi ya yi min sosai, a nan na fara ganin abin da Hajiya ke gani.

Yau da safe na bi shawarar Malam na je gidanta da ragowar yadin da rasit ɗin mai shagon. Na roƙe ta muka shiga kicin ɗinta inda akwai farin ƙwai irin na kasuwa, na sa ta ɗauki hoton ƙyallen da wayarta da hannunta, hoton ya fito ruwan omo, ƙyallen kuma na hannunta toka. Ta daɗe tana kallon wayar tana kallon yadin, sannan ta ce Malam ka yafe min. Kayan za ta karɓa a haka. Zaren ne dai laifina ne tunda ni na haɗa da dare, na ce zan sa a warware aikin wuyan guda 12 a sake da kuɗina, biki saura kwana 9, mai aikin ya ce in Allah ya sa wuta ta zauna zai gama.

Oga na Shomolu dan Allah wane irin ƙwai zan saya in sa a kan teburin yanka wanda ya fi kusa da hasken rana, kuma me zan duba a jikin kwalin? Don lokacin azumi da gab da salla dole sai mun yi aikin dare.